Me Ya Sa Gardamar Kiɗan Fim Ba Ta Ƙarewa?

Rannan na tsinci kaina a tsakiyar wata gardama da ba ni na tayar ba. Wana ne, wanda ya haura shekara hamsin, da wani ƙanen abokina da bai daɗe da gama jami'a ba. Wayar yaron ce ta jawo, domin da aka kira shi sai kiɗan Interstellar ya tashi, wannan mai ogan ɗin coci da Hans Zimmer ya tsara a 2014. Yana ajiye waya sai ya ce, "Yaya, ni fa a wurina tun da ake fim ba a taɓa kiɗa kamar wannan ba."

Wana ya dube shi sheƙeƙe. "Wannan ɗin? To rera mini shi in ji."

Yaro ya fara gunguni da hanci, amo biyu, amo uku, sai abin ya maƙale.

"Ka gani ko? Kiɗan da ba ya reruwa ai gurnani ne." Sai ya tsuke baki ya yi fito, ya kawo karin nan da Ennio Morricone ya yi wa The Good, the Bad and the Ugly, wanda ko mutumin da bai taɓa ganin fim ɗin ba ya san shi.

"Haba Yaya, ai ba don a yi fito ake kiɗan fim ba. Ka zauna a sinima ka ji yadda ƙirjinka yake rawa, sannan ka zo mu yi magana."

Sun fi awa ɗaya a kai. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma babu wanda ya amsa maganar ɗan'uwansa. Babban yana auna kiɗa da abin da ya rage masa a baki bayan an tashi daga kallo, ƙaramin yana auna shi da abin da ya yi wa jikinsa ana cikin kallo. Duk inda masoya kiɗan fim suka haɗu suka fara jera gwanayensu, haka take kasancewa. Kowa da mudunsa ya zo, ga shi an ɗauka awo ɗaya ake yi.

Rikicin tun daga sunan ya fara. Abin da ake kira kiɗan fim buhu ne da aka zuba kaya iri-iri. A ciki akwai kiɗan da aka tsara musamman don ya raka hoto, galibi ba murya, wanda zan riƙa kira kiɗan rakiya. Akwai waƙoƙin da aka rubuta wa fim aka rera. Akwai kuma tsofaffin waƙoƙi da darakta ya tsinto a kasuwa ya liƙa, kamar yadda Quentin Tarantino ya buɗe Pulp Fiction a 1994 da kiɗan jitar da Dick Dale ya ɗauka tun 1962. Idan wani ya ce faifan The Bodyguard na 1992 ya fi kowanne, hujjarsa a fili take, an sayar da shi sama da kwafi miliyan 40, babu faifan fim da ya kamo shi. Sai dai abin da mutane suka saya muryar Whitney Houston ce, babbar waƙar ma ta Dolly Parton ce da ta fito tun 1974. Wanda ya tsara ainihin kiɗan rakiyar fim ɗin, Alan Silvestri, gurbi ɗaya tak aka ba shi a faifan, kuma a cikin masu yabon The Bodyguard da wuya ka samu mai ambaton sunansa. To idan mai wannan faifai ya kara da mai yabon Psycho, me za su gwada da me?

Ni a nawa ganin, kafin a ce wane kiɗa ya fi, sai an fara sanin aikin da aka ɗauke shi ya yi. Misalin da ya fi nuna wannan shi ne Jaws na 1975, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane. Kifin ƙarfen da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a cikin ruwan gishiri, har ya zama darakta Steven Spielberg ba shi da dodon da zai nuna a mafi yawan rabin farko. Mai tsara kiɗa John Williams ya kawo masa amo biyu kacal, ɗaya na bin ɗaya daga can ƙasan murya, su faro a hankali su riƙa ƙara sauri. Da ya fara buga masa su a fiyano, Spielberg dariya ya yi, ya ɗauka zolaya ce. Waɗannan amo biyu su suka zama kifin. Kana ganin ƙafafun masu iyo daga ƙarƙashin ruwa, ka ji kiɗan ya taso, ka san yana nan.

Dabarar ba a nan ta tsaya ba. Akwai fitowar da ake ganin ƙayar bayan kifi tana yanka ruwa kusa da gaɓa, jama'a suka ruɗe suna tattake juna, amma kiɗan bai taso ba. Ashe yara biyu ne suke wasa da ƙaya ta bogi. Williams bai yaudari mai kallo ba, ya koya masa cewa in babu kiɗa babu kifi. Da mai kallo ya haddace wannan darasi ya saki jiki, sai can a tsakiyar teku, ɗan sandan da ke farautar kifin yana watsa nama a ruwa yana ƙorafi, kifin ya ɓullo a bayansa ba ko amo ɗaya na gargaɗi. Tsallen da mutane suke yi a kujera a wurin nan, kiɗan da ba a buga ba ne ya jawo shi. Yanzu ka ɗauki faifan Jaws ka saurara a ɗaki. Wannan hikima ba ta ciki, domin shiru ba ya shiga faifai.

Wanda yake son ya tabbatar da kansa, gwajin ba wuya. Ya nemi fitowar banɗaki ta Psycho na 1960, inda ake daɓa wa wata mata wuƙa tana wanka, ya kashe sauti. Zai ga hotuna gajeru-gajeru suna ta sauyawa, ga wuƙa, ga ruwa, ga baki a buɗe, amma tsoron ya ragu da fiye da rabi. Darakta Alfred Hitchcock da farko ya ce kada a sa kiɗa a wurin. Mai kiɗansa Bernard Herrmann ya ƙi ji, ya tsara wannan ƙarar ta goge mai kama da kururuwa, ya kunna masa, Hitchcock ya janye maganarsa. Duk kiɗan fim ɗin da kayan tsirkiya kawai aka yi shi, babu busa, babu ganga. Amma wa zai kunna wannan ƙara yana tuƙi ko yana hutawa? Kiɗa ne da ya yi aikinsa ɗari bisa ɗari, ga shi ba ya saurarowa shi kaɗai. A zauren gardama kuwa dokin mai baki ya fi gudu, wato kiɗan da za a iya rerawa nan take ko a kunna a waya shi ke cinye musu, wanda ya narke cikin hoto har ba a lura da shi ba kuma ba shi da mai kare shi.

Abin da wana yake nema, ko da bai faɗi sunansa ba, shi ne take. A ba kowane jarumi, ko wuri, ko wani tunani, ɗan gajeren kari nasa, da zarar ya tashi a san wa ake nufi. Turawa sun gaji wannan ne daga wasannin waƙe na Richard Wagner na ƙarni na 19, sannan makaɗan da suka yi ƙaura daga Vienna zuwa Amurka, irin su Max Steiner da Erich Korngold, suka dasa shi a Hollywood. Kiɗan da Steiner ya yi wa King Kong a 1933 yana cikin na farko da suka nuna za a iya ɗaukar labari sukutum a kan take. Salon ya ɗan kwanta a shekarun 1960, lokacin da kamfanoni suka koma cusa waƙoƙin zamani don su sayar da faifai, sai Williams ya tashe shi da Star Wars a 1977, da cikakken taron makaɗan London Symphony Orchestra. Howard Shore ya kai shi maƙura a fina-finan The Lord of the Rings uku, daga 2001 zuwa 2003, inda kowace al'umma take da nata. A Black Panther na 2018 ma abin ya koma take na zahiri. Mai kiɗan fim ɗin, Ludwig Göransson, ya tafi Sanagal ya bi mawaƙi Baaba Maal yawon wasa, ya ɗauko gangar tama, 'yar'uwar kalangu, ya sa tana kiran sunan sarkin da ke cikin labarin da bakinta duk inda ya bayyana.

Masu ra'ayin wana suna ganin an bar wannan hanya an koma gurnani, kuma Zimmer suke ɗora wa laifin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Bayan Inception na 2010, wannan doguwar ƙara mai kama da busar jirgin ruwa ta cika tallan fina-finai har ta gunduri kowa. Amma ban yarda a ce rashin iyawa ba ne. Zimmer ɗin da ya yi kiɗan The Lion King a 1994 ya san yadda ake kari mai shiga rai. A Inception ɗin ma, ƙarar nan tana da tushe a labarin: waƙar Édith Piaf ce da jaruman suke kunnawa don su farka daga mafarki, aka ja farkonta aka rage masa gudu, kamar yadda lokaci yake miƙewa a cikin mafarkin. A Dunkirk na 2017 an ɗora kiɗan a kan ƙarar agogon darakta Christopher Nolan, aka haɗa da wata dabara da ke sa kunne ya ji kamar amo yana ta hawa sama ba ya kaiwa ƙarshe. Ba za ka rera shi ba, amma za ka fito daga kallo kafaɗunka a sanƙare. Inda nake tare da wana shi ne 'yan kwaikwayo. Sun ɗauki ƙarar sun bar dalilinta.

Akwai kuma dalilai na sana'a da masu gardama ba su cika kawowa ba. Dogon kari yana bukatar fili, yana bukatar kyamara ta tsaya a kan abu ɗaya na ɗan lokaci. Fim ɗin yau kuwa ana sauya hoto cikin daƙiƙa biyu ko uku, ga ƙarar fashewa da harbi sun cika kunne. Tun da aka koma haɗa hoto a kwamfuta, darakta yana iya yanke daƙiƙa goma ana saura kwanaki kaɗan a saki fim. Karin da aka gina da farko da tsakiya da ƙarshe in an yanke masa daƙiƙa goma ya karye, amma bugun da ke maimaita kansa ko ta ina aka datse shi zai haɗu. Ashe ba kunnen makaɗa ne ya lalace ba, teburin edita ne ya sauya. Idan kiɗa ya canza rawa takan canza, a nan kuwa rawar ce ta fara canzawa kiɗa ya bi ta.

Babban abin da ya fi cin ran masu tsara kiɗa shi ne kiɗan riƙon ƙwarya. Kafin a kira su, edita yakan ɗauko kiɗan wani fim ya ɗora don a ga yadda fitowa za ta zauna. Darakta ya yi watanni yana kallon fim ɗinsa da wannan kiɗa na aro har ya shiga ransa. Ranar da mai kiɗa ya zo da nasa, sai a ce masa, "Ya yi kyau, amma ka ɗan matso da shi kusa da wancan." Wannan ne ya sa fina-finai da yawa suke kama da juna a kunne. Wanda abin ya fi yi wa ciwo a tarihi shi ne Alex North. Stanley Kubrick ya ɗauke shi ya yi wa 2001: A Space Odyssey kiɗa, ya yi, aka ɗauka. Sai da ya je kallon farko a 1968 ya tarar babu nasa ko kaɗan, Kubrick ya bar na aron, ciki har da buɗewar nan ta Richard Strauss ta 1896 da yanzu duk duniya take jin ta tuna sararin samaniya. Abin da aka yi wa North bai kyautu ba. Duk da haka, tun da Jerry Goldsmith ya sake ɗaukar kiɗan nasa ya fitar a 1993, masoya suke ɗora shi a kan hoton suna gwadawa, kuma ni dai har yau ina ganin zaɓin Kubrick ya fi dacewa da fim ɗin. Mutum yana iya rashin kirki kuma kunnensa ya yi daidai.

Daga nan gardama takan gangara zuwa zargin sata, wurin da ake fara ɗaga murya. Da ka yabi Star Wars wani zai kunna maka buɗewar Kings Row ta Korngold, ta 1942, ya ce saurara da kyau. Kamar tana nan, babu musu, haka ma inuwar kiɗan Gustav Holst. Da ka yabi Zimmer wani zai ce ai kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, yana nufin matasan makaɗan da suke aiki a kamfaninsa na Santa Monica, waɗanda sunayensu suke fitowa a can ƙasan jerin ƙarshe. Masu kaifin ra'ayi sukan ce Herrmann da Ennio Morricone su ne makaɗa na gaske, domin da hannunsu suke rubuta wa kowane kayan kiɗa abin da zai buga, ba sa miƙa wa wani. Ina girmama wannan, amma mai kallo a cikin duhun sinima bai san hannu nawa ne suka taɓa takardar ba, abin da ya iso kunnensa kawai ya sani.

In hujja ta ƙare sai a jawo lambar Oscar, alhali ita kanta ba ta da tsayayyen mudu. An sa Nino Rota a jerin 'yan takara saboda The Godfather na 1972, sannan aka cire shi da aka gano karin soyayyar fim ɗin ya taɓa amfani da shi a wani fim na Italiya, Fortunella, a 1958. Lambar ta wannan shekara sai ta tafi ga Charlie Chaplin da abokan aikinsa saboda Limelight, fim ɗin 1952 da bai samu nunawa a Los Angeles ba sai bayan shekara ashirin. Da aka yi The Godfather na biyu a 1974, Rota ya dawo da karin da aka hana shi dominsa, aka ba shi lambar tare da Carmine Coppola. Morricone kuwa, wanda ya yi wa fina-finai sama da 400 kiɗa, an ƙi ba shi saboda The Mission a 1987, abin da masoyansa ba su yafe ba har gobe. Sai a 2007 aka ba shi ta girmamawa, ta takara kuma sai 2016, yana da shekara 87, saboda The Hateful Eight, wanda ko masu sonsa ba sa sa shi a sahun farko na ayyukansa. Duk wanda ya kafa hujja da wannan lamba, da ita za a kayar da shi.

Duk wannan a gefe ɗaya na duniya ne. In aka shiga fina-finan Indiya, filin gardamar ma daban yake, domin a can waƙa ba rakiya take yi ba, sau da yawa ita ake rakawa. Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, da waƙoƙi bakwai ya zo. A 1935 aka fara tsarin da ya zauna har yau, mawaƙi ya rera a ɗakin ɗaukar murya, jarumi ya motsa baki a gaban kyamara. Ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to a nan wace ce mai ita? Lokacin da waƙar Mahal ta 1949 ta karaɗe ƙasar, sunan da aka buga a jikin faifan shi ne Kamini, wato sunan da jaruma Madhubala ta fito da shi a fim ɗin. Sai da masu sauraro suka dami gidan rediyo da tambaya kafin aka bayyana cewa wata matashiya ce, Lata Mangeshkar. A wannan tsari ana sakin waƙoƙi kafin fim, su ne tallarsa, kuma fim yana iya faɗuwa warwas waƙoƙinsa su rayu shekara hamsin. Sau da yawa ma wanda ya tsara waƙoƙin daban, wanda ya yi kiɗan rakiya daban, na biyun kuma ba a cika tambayar sunansa ba.

Jera gwanaye da kaɗa musu ƙuri'a ma ba yau aka fara ba a can. A 1952 ministan watsa labarai, B. V. Keskar, ya matse waƙoƙin fim a gidan rediyon gwamnati, yana ganin sun cika batsa da kwaikwayon Turawa. Jama'a suka juya akalar rediyonsu zuwa Radio Ceylon da ke tsibirin da yanzu ake kira Siri Lanka, inda Ameen Sayani yake gabatar da Binaca Geetmala duk ranar Laraba, yana jero waƙoƙi daga ƙasa zuwa sama. Aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro, wasiƙu suka yi ta kwarara, har wani ƙaramin gari, Jhumri Telaiya, ya yi suna a faɗin ƙasar saboda yawan zaɓen da mutanensa suke aikowa. Gwamnati ta ga ba sarki sai Allah, ta buɗe tashar Vividh Bharati a 1957 ta dawo da waƙoƙin. Musun wa ya fi tsakanin mawaƙa Mohammed Rafi da Kishore Kumar, wanda ya ɗauki zafi bayan Aradhana na 1969, har yanzu jikokin waɗanda suka fara shi suna yi, shekaru da dama bayan rasuwar mawaƙan biyu.

A kudancin ƙasar kuma akwai musu kan masu tsara kiɗa Ilaiyaraaja da A. R. Rahman, wanda ya fi kama da na wana da yaron nan. Ilaiyaraaja ya fara a 1976, ya yi fina-finai sama da 1,000, kuma masoyansa ba waƙoƙinsa kaɗai suke yabo ba, sun fi alfahari da kiɗan rakiyarsa, suna cewa ya san inda ake yin shiru. Rahman ya taɓa buga masa fiyanon lantarki yana yaro. Da darakta Mani Ratnam ya bar tsohon ya ɗauki sabon a Roja na 1992, sai sautin ya sauya gaba ɗaya, aka shigo da kwamfuta da tsabtar ɗauka irin wadda ba a saba ji ba. Masoya suka rabu gida biyu, kuma in ka duba, yawanci shekarun haihuwa ne suka raba su. Abin dariya, da Rahman ya ci Oscar biyu a 2009 saboda Slumdog Millionaire, fim ɗin da Bature ɗan Ingila ya ba da umarni, da yawa cikin masoyansa na gida murna suka yi da ɗan guntun tsaki, suna cewa ai wannan bai kama ƙafar abin da ya yi a fina-finan Tamil ba. Duniya ta yaba masa a kan abin da ta samu ji.

Maganar shekarun haihuwa ita ce ƙashin bayan abin, kuma ita ce ba a son a faɗa. Kiɗan da mutum ya ji tsakanin ƙuruciya da farkon samartaka yana kama wuri a zuciya da wani ba ya ƙwacewa. Idan mutum ya ce Titanic ya fi kowanne, yana iya kawo hujja, cewa James Horner ya ci Oscar biyu da shi, faifan kuma ya yi mako 16 a saman jadawalin Amurka a 1998 duk da yawancinsa kiɗa ne ba murya. Amma ka bar shi ya ci gaba da magana, za ka ji ya koma kan wanda suka kalla tare, da shekarar da abin ya faru, da halin da yake ciki a lokacin. Shi ya sa in ka kushe kiɗan sai ya ji kamar shi ka kushe. Ba na ganin laifin wannan ko kaɗan. Abin da yake ɓata zance shi ne a ɗauki "shi na fi so" a sa masa rigar "shi ya fi kyau", sannan a nemi kowa ya durƙusa. Na farkon ba a musu a kansa. Na biyun ana iya yi, amma sai an koma gaban hoto an zauna, an ga me kiɗan ya ƙara, me zai rushe in an cire shi.

In aka matsa mini sai na faɗi nawa, Once Upon a Time in the West na 1968 zan ce, kuma na san ni ma ban tsira daga abin da na faɗa a sama ba. Hujjata dai ita ce a nan an juya tsarin da aka saba. Morricone ya gama kiɗan kafin a ɗauki hoto, darakta Sergio Leone ya riƙa kunna shi a wurin ɗauka, 'yan wasa suna taku a kansa, kyamara tana tashi sama daidai inda murya take tashi. Kowane babban jarumi da takensa, na Charles Bronson ma a cikin labarin yake, ɗan abin busa ne da ke rataye a wuyansa, kuma sai a ƙarshen fim ake sanin wanda ya cusa masa shi a baki da dalilin da ya sa. Wannan kiɗa yana reruwa, ya biya wa wana bukata. Yana kuma aikin da in an cire shi labarin ya rushe. Hildur Guðnadóttir ta bi irin wannan hanya a Joker na 2019, ta rubuta kiɗa daga karanta labarin kawai, aka kunna wa jarumin, Joaquin Phoenix, a wurin ɗauka, rawar nan da ya yi a banɗaki daga nan ta fito.

Da na faɗi haka a ranar, wana ya gyaɗa kai kamar shi ya ci, tunda dai Morricone ne. Yaron bai taɓa ganin fim ɗin ba, ya ce zai nema. Ban gaya masa yadda yake buɗewa ba: 'yan bindiga uku a wata tashar jirgin ƙasa da ba kowa, suna jira. Fanka mai jan ruwa tana ƙara ƙiii, ƙiii. Ruwa yana ɗiga a kan hular ɗaya, ɗis, ɗis, har ya taru ya sha. Ƙuda ya addabi fuskar wani, ya kama shi a bakin bindiga ya kara a kunne yana sauraron kukansa. Bayan kwana biyu sai ga saƙonsa: "Yaya, anya wanda na samu ba lalatacce ba ne? Na yi minti goma ina kallo, har yanzu kiɗan bai fara ba."